"Girman kai rawanin tsiya": wa ake ɗaura wa rawanin?

Maman Rahila (Riyad): Salama gare ku, 'yan'uwa. Akwai abin da ya hana ni barci tun ranar Juma'a. Kun dai san yadda muke a ƙasar nan, Juma'a ce Lahadinmu. A falon ɗaya daga cikinmu muke haɗuwa, takalma a bakin ƙofa, kowa a kan kafet, waƙa ƙasa-ƙasa saboda maƙwabta. Bayan addu'ar rufewa aka kawo maganar wata ƙanwarmu mai aikin gida. Iƙamarta, wato takardar izinin zama, ta ƙare, wata huɗu ba albashi, tana so ta koma gida, ba kuɗin jirgi. Wani direba ya ajiye riyal 50, ni da abokiyar aikina muka sa ɗari-ɗari. Sai babba a cikinmu, wanda Allah ya fi buɗa wa, ya ce zai biya tikitin gaba ɗaya, amma sai yarinyar ta zo gabanmu ta ba shi haƙuri, don wai kwanakin baya ta wuce shi ba ta rusuna ba. Yarinyar na zaune a lungu tana murza bakin mayafinta. Ban san lokacin da na ce, "Baba, girman kai rawanin tsiya ne" ba. Ya dube ni ya ce, "Ni dai ba matsiyaci ba ne, ki kai karin maganarki inda ta dace." Ya sa takalmi ya fita. Shin maganar ta matalauta ce kawai, kamar yadda ya ce? Kuma ni da na faɗa masa a gaban yara, ban ɗaura nawa rawanin ba kuwa?

Ɗan Tangale: Mama, ta wani ɓangaren Baba bai yi kuskure ba. Yadda na taso na ji, mutumin da ba shi da komai, ba gona ba akuya, shi ne yake naɗa girman kai don a ga akwai wani abu a kansa. Mai abu ba ya bukata.

Yaya Hauwa (Dammam): A'a, ƙanena, ka juya ta. Rawani ai naɗi ne. Ranar da ka ɗaura girman kai, ranar aka naɗa ka sarautar tsiya, ko da asusunka cike yake. Abin da ke gaba ake faɗa maka. Ka duba Karin Magana 16:18, girman kai ne a gaba, hallaka na biye da shi. Ba a ce sai talaka ba.

Ɗan Tangale: Yaya, littafin da kika ambata a wurin kakana Misalai ne, don shi har ya rasu fassarar 1932 yake riƙe da ita, bai yarda da sabuwar ba.

Yaya Hauwa (Dammam): Allah ya ji ƙan kakanka, amma ko da wane suna ka kira shi ayar tana nan inda take.

Malam Ishaya: Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne sharaɗin. Kyautar da sai an durƙusa maka a gaban jama'a, saye ne. Da riyal ɗinsa yake so ya sayi gaisuwa. Manzo Bulus ya haɗa su wuri ɗaya a Filibiyawa 2, sonkai da girman kai, don tagwaye ne, ba ka ganin ɗaya babu ɗaya. Amma Mama, tunda kin tambaya, zan faɗa miki tsakani da Allah: da kin bi shi waje kin faɗa masa a kunne, da ya fi. Matiyu 18:15 ma da "kai da shi kaɗai" ta fara.

Maman Rahila (Riyad): Na karɓa, Malam. Wannan ɗin ne yake sukar zuciyata.

Talatu 'yar Kaka: Ku ba ni wuri in ba ku labarin kakata, uwar mahaifina, a wani ƙauye can ƙasar Katsina ta kudu. Tana da faccala, matar wan kakana, gidansu katanga ɗaya da namu. Shekara bakwai ba sa ga-maciji, a kan tunkiyar da ta shiga gonar gyaɗa. Coci ɗaya suke zuwa, zane iri ɗaya suke ɗaurawa na Zumuntar Mata, amma in wannan ta zauna dama, waccan hagu. Sai farin 1973 ya zo. Gero ya bushe a tsaye. Kakana yana da ragowar dawa a rumbu ta shekarar baya, su kuwa can gidan, mijin ya rasu, yara biyar. Kaka ta ce abin da ya fara gaya mata akwai matsala shi ne shirun turmi. Kwana uku ba ta ji dakan faccalarta da asuba ba. Ta kuma san matar nan, gara ta mutu da ta miƙo ƙwarya.

To faccalar tana yin daddawa. Wata magariba Kaka ta ɗebi dawa a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta zagaya ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama, karo na farko cikin shekara bakwai. Ta ce, "Daddawata ta ƙare, ba ni da kuɗi a hannu, ko za ki karɓi hatsi?" Matar ta yi shiru, ta shiga ta ɗauko ƙwaya uku ta miƙo, ta karɓi ƙwaryar ba tare da ta ɗaga faifan ba. Bayan kwana biyu Kaka ta koma. Haka har kaka ta yi, aka yanke sabon gero. Dawar da ta kai ta fi kuɗin daddawar ninkin ba ninkin, su biyun sun sani, ba wadda ta taɓa furtawa. Da Kaka ta rasu ina aji biyu na sakandare, muna kwashe kayan ɗakinta, muka sami wata tukunya a ƙarƙashin gado, an toshe bakinta da tsumma. Daddawar ce, ta bushe ta zama kamar tsakuwa. Ba ta ci ba, ba ta zubar ba. Faccalar tana raye lokacin, da aka nuna mata sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska.

Yaya Hauwa (Dammam): Wayyo Allah. Talatu, kin sa ni hawaye a wurin aiki.

Malam Ishaya: Kin ga bambancin. Tsohuwa ta mai da kanta mai roƙo don kada mayunwaciya ta ji kunya. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Ɗan Garkida: Ina girmama Kaka, amma bari in yi tambayar da za a zage ni. Ta taɓa buɗe baki ta ce "ki gafarta mini" a kan maganar tunkiyar?

Talatu 'yar Kaka: Ban taɓa ji ba, Yaya.

Ɗan Garkida: To nan nake. Bayarwa ta fi neman gafara sauƙi, don mai bayarwa hannunsa ne a sama. Mu a cocin EYN, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da aka fara a garinmu a 1923, muna wanke wa juna ƙafa kamar yadda Ubangiji ya yi a Yohanna 13. Na ga dattijon da ya durƙusa ya wanke ƙafar abokin gabarsa tas, ya goge da tawul, aka fito bai gaishe shi ba. Gwiwa ta yi ƙasa, rawanin bai motsa ba.

Talatu 'yar Kaka: Ban yarda ba. Wadda ta taka ƙofar da ta yi shekara bakwai ba ta taka ba, me ya rage ba ta faɗa ba? Mutanen da ba da baki suke neman gafara ba, da ƙafa suke yi.

Oga Direba: In durƙuso ne tawali'u, ai ba wanda ya kai masu neman ƙuri'a. Duk shekara huɗu za ka ga wani a bakin titi yana gaigayar gasasshiyar masara, yana kiran tsohuwa "Mamana". Ana rantsar da shi sai gilashi mai duhu da jiniya.

Ɗan Tangale: Su ai rawanin nasu na gaske ne, saye suke yi. Wani yana da naɗi biyar, rijiya ɗaya bai haƙa wa garin ba.

Oga Direba: Namu na gida kuma ya je Urushalima da kujerar gwamnati, ya dawo ya ƙara harufa biyu a bayan sunansa, in ka manta da su a katin biki ba zai zo ba.

Bahaushen Jidda: Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, a nan aka haife ni, kakana da ƙafa ya zo ta Sudan. A gidanmu ma ana faɗar wannan karin magana, kuma malamanmu da Iblis suke misali, da ya ƙi yin sujada ga Adamu ya ce shi ya fi shi. Amma kakata in ta ce tsiya, rigima take nufi. Wato mai girman kai duk inda ya shiga sai an yi tsiya. Ga shi kuwa an yi a falonku.

Yaya Hauwa (Dammam): Malam, ka kawo fassara ta uku ke nan.

Malam Ishaya: Duk mun bar yarinyar nan a lungu muna ta fassara. Mama, nawa ya rage a kuɗin tikitin?

Maman Rahila (Riyad): Fiye da rabi. Ta kira ni jiya ta ce za ta je ta durƙusa masa in dai za ta ga mahaifiyarta. Na ce ta dakata. Lambar Baba tana buɗe a wayata tun safe, ban danna ba. Ku yi mini addu'a, don ba tikitin nake so in kira shi a kai ba, abin da na yi masa a gaban yara ne.

Ɗan Garkida: Ki turo mini yadda zan aiko da nawa. Amma Talatu, ban gama da ke ba a kan maganar ƙafa da baki.

Oga Direba: Kun tada mini kwaɗayi da labarin nan. Akwai mai tahowa daga Kano a watan nan? Daddawar da na samo a kasuwar Batha ta Riyad ko ƙamshi babu.