Neman kalma: me za mu kira "systems thinking" da Hausa?

Malamin sakandare, Tudun Wadan Zariya: Salamu alaikum malamai. An sa ni in yi wa abokan aiki bita kan koyarwa da kwamfuta, kuma da Hausa nake so in yi, don abin da aka faɗa da Turanci a wajen bita yawanci a zauren yake kwana. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya: systems thinking.

Bari in ba ku misali da makarantarmu. An kawo mana kwamfutoci 30, aka yi taro, aka ɗauki hoto. Sai shugaban makaranta ya ce duk malamin da na'ura ta lalace a hannunsa, a albashinsa za a cire. Kowa ya ja jikinsa, aka sa wa ɗakin kwaɗo. Da ƙafa ta ɗauke, ƙurar hunturu ta shiga, batiran inbata suka mutu don ba mai kula da cajinsu, ɓeraye suka samu wayoyi. Ranar da aka buɗe aka tarar wasu sun ƙi tashi, sai ya ce "kun gani ko?", ya ƙara kwaɗo na biyu. Tsoro ya jawo kulle, kulle ya jawo lalacewa, lalacewa ta ƙara tsoro. Iya ganin wannan zagayen nake nema wa suna. Na rubuta "tunanin tsari", amma bai kwanta mini ba.

Malama, Sabon Gari: Ai ba zai kwanta ba, Malam. Kana cewa tsari, jadawali da layin asambuli za su faɗo wa mutane a rai. Shugaban naku ma ai tsari ya yi, makulli a aljihu tsari ne. Kuma kafin a tashi bitar wani zai juya ta zuwa "tsarin tunani", an koma wata magana daban.

Ɗalibi, Samaru: Allah ya gafarta malam, me zai hana a bar ta "sistem", yadda aka bar intanet?

Malamin sakandare: Kai da bakinka, in laftof ɗinka ya ƙi tashi me kake cewa? "Sistem ɗina ya mutu." A banki kuma a ce maka sistem ya ɗauke. Mun riga mun aurar da kalmar ga na'ura, alhali ni so nake a ɗauke ido daga na'urar.

Dattijo, tsohon malami, Ƙofar Doka: Ku yara kuna fassara kalma maimakon ku dubi abin. Waɗanda suka ce "jirgin ƙasa" ba Turanci suka bi ba, abin suka kalla. Ni "tunanin murhu" zan ce. Duwatsu uku: na'ura, malami, wuta. Zare ɗaya, tukunya ta kife.

Malamin sakandare: Baba, ranka ya daɗe, murhun nan ya yi mini daɗi, kuma zan yi misali da shi. Sai dai duwatsun murhu kowa na zaune inda aka aje shi, ba wanda ke tura wani. A nan kuwa turawar ita ce maganar. Jay Forrester, malamin jami'ar MIT ta Amurka, ya duba wasu masana'antun kamfanin General Electric a shekarun 1950, inda ake ɗaukar ma'aikata a sallame su, a sake ɗauka, kusan duk shekara uku. Manajoji na ɗora laifin kan kasuwa. Shi kuwa ya nuna cewa hukuncin da suke yankewa da kansu, da jinkirin da ke tsakanin oda da kaya, su ke haifar da hawa da saukar. Daidai da kwaɗonmu.

A fannin makaranta kuma ga shirin laftof ɗaya ga kowane yaro da Nicholas Negroponte ya fito da shi a 2005, wanda aka gwada a firamaren Galadima ta Abuja a 2007. Ƙasar Peru ta raba dubban ɗaruruwa, amma binciken da aka fitar a 2012 bai ga ƙarin maki a lissafi da karatu ba. Na'urar na aiki, yaran na taɓawa, sai dai ba ta haɗu da darasin ba. Mu nan tun 2015 JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, ga shi ɗalibaina sai ana gobe jarrabawa suke biyan kuɗi a shagon kwamfuta su koyi riƙe linzami, namu na kulle.

Malama: To ai ka faɗi kalmar da kanka: ba ta haɗu ba. Mahaɗa. Je ka Kwangila da yamma. Hanyar Kano lafiya, ta Kaduna lafiya, ta Samaru lafiya, amma a mahaɗar ake cushewa. Ka ce "hangen mahaɗa", a kan awon "hangen nesa". Gwada ta a baki: wane ba shi da hangen mahaɗa. An sayo sola ba a ware kuɗin batir ba, rashin hangen mahaɗa ne.

Ɗalibi: Kwangilar ma ta dace, Malama, tunda ɗan kwangila ne ke sauke kaya ya wuce.

Dattijo: 'Yata, mahaɗa ta yi. Hangen ne ban yarda da shi ba. Daga nesa ake hange, mahaɗa kuwa sai an matso, yadda maɗori ke lalubar gaɓa. "Duban mahaɗa" ya fi.

Malama: Baba, in aka ce "duba" wasu za su zaci bugun ƙasa za a yi. Kuma wanda ke tsakiyar cunkoso motar gabansa kawai yake gani. Sai wanda ya hau gada ke ganin inda aka sarƙe.

Dattijo: Kin yi ni. Amma a bar mini murhuna a misali.

Malamin sakandare: An bar maka, Baba. Na rubuta "hangen mahaɗa" a kan takardar bita. Shi kuma zagayen da sakamako ke komowa ya ƙara wa sanadinsa ƙarfi, "kai-komo" zan ce, sai in wani na da wadda ta fi. Shugabanmu zai zo bitar, a layin gaba ma zai zauna, don haka misalin kwaɗon zan ce a wata makaranta ce can wajen Giwa.