Oba-oba a duwatsun Riruwai, tana aiki kuwa?

Ɗan Tudun Wada:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani ku taimaka min. Mu shida ne muke shirin tafiyar ƙafa in an gama girbi, mu hau duwatsun Riruwai ta jihar Kano mu kwana biyu a can. To matsalar sabis ce, duk wanda ya saba bin titin Jos ta Falgore ya san akwai wuraren da waya take komawa tocila kawai. Wani abokina ya ce mu sayi oba-oba, na ga wata a kasuwa an rubuta kilomita 10 a kwalinta. Da gaske tana kaiwa haka? Kuma guda nawa za ta ishe mu?

Mai Gyaran Rediyo:
Wa alaikumus salam. Ƙanena kar kwali ya ruɗe ka, wannan lissafin na fili ne fetal wanda babu komai tsakaninku. Oba-oba ido da ido take aiki, in dutse ya shiga tsakani shikenan da kyar za ta kai. A cikin bishiyoyi ka sa ran kilomita ɗaya zuwa biyu, amma in ku biyun kuna kan tudu kuna hangen juna sai ka sha mamakin nisan da za ta yi. Shi yasa in magana ta fara yankewa ba ƙara murya ake yi ba, hawa sama ake yi, kuma a riƙe eriyar a tsaye ba a kwance ba.

Waɗanda suka fi yawa a hannun mutane na kamfanin Baofeng ne. BF-888S tana da tasha 16, zangon rediyo ɗaya kawai take aiki da shi wanda ake kira UHF, ba ta da allo, ka murɗa ka yi magana, ko yaro zai iya. UV-5R kuma tana da zango biyu, VHF da UHF duka, ƙarfinta wat 5 ne, a daji VHF ta fi ratsa ganyaye amma saitinta akwai ɗan ciwon kai. Ni dai a ganina in ba mai haƙurin koyo a cikinku ku ɗauki mai sauƙin. Abu ɗaya, kar a danna maɓallin magana babu eriya a jiki, yana iya ƙona ta, irinsu nawa aka kawo min shago.

Baba Mafarauci:
Yaro ku shida guda uku ta isa, na gaba ɗaya, na baya ɗaya, ɗaya a tsakiya. Mu in mun fita muna sa lokaci ne, bayan kowace salla kowa ya kunna tasa ya faɗi inda yake, don a rage cin batir, kuma magana ta fi saurare cin sa. Kuma ka danna ka ɗan jira kafin ka buɗe baki, in ba haka ba kalmar farko ta tafi. Amma ni abin da ya fi damuna ba nisa ba ne. Bara an tsare mu a wani shinge kusan awa uku saboda an ga oba-oba a jakata, sai da mai unguwarmu ya zo ya shaide mu, ban ga laifinsu ba kam ka san halin da ake ciki. Ku fara zuwa wajen dagaci da jami'an tsaron yankin ku faɗi inda za ku da ranar dawowa, ku nemi ɗan gari ya yi muku jagora.

Yar Kazaure:
Baba ya faɗi gaskiya wlh. Sannan ku sani duk mai irinta a kusa in ya faɗo tasharku yana jin komai, lambar da ake saitawa a jikinta wadda ake cewa ta sirri ba ta ɓoye magana, ku ne kawai ba za ku ji wasu ba. Ku bincika maganar lasisi ma kar ku hau layin hukuma ba ku sani ba.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri. Baba to ɗan jagoran nan ta hannun dagacin ake samunsa ko 'yan farauta zan nema? Malam mai gyara, cajin fa, tana ɗaukar na sola?