Zakaran da Allah ya nufa da cara: ya dace da matan Rasha?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ina karanta tarihin Sofiya Kovalevskaya, masaniyar lissafi 'yar Rasha, sai karin maganar nan ya faɗo mini: zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. A zamaninta jami'o'in Rasha ba sa ɗaukar mata, kuma mace ba ta fita ƙasar sai da izinin uba ko miji. A 1868 ta yi aure na suna kawai don ta samu hanyar Jamus. A Berlin aka hana ta zama a aji, Farfesa Weierstrass ya riƙa koya mata a gida. A 1874 ta samu digirin dakta a lissafi, a 1889 ta zama farfesa a Stockholm, babban birnin Sweden. Wannan ai cara ce.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, ka lissafa wadda ta yi cara, wa zai lissafa waɗanda shaho ya sure? Sofiya 'yar janar ce. Ɗakin da ta tashi a ciki ma takardun laccar lissafi na mahaifinta aka liƙa a bango, tana yarinya tana tsayawa tana kallonsu. 'Yar manomi wane bango ta gani? Ƙidayar jama'ar Rasha ta 1897 ta nuna mata 13 cikin 100 ne kawai suka iya karatu. Makarantar Smolny da Sarauniya Katarina ta buɗe a 1764 tun asali don 'ya'yan manya aka yi ta.

Malam Habu: To Nadezhda Suslova fa, Hajiya? Mahaifinta cikin bauta aka haife shi, amma a 1867 ta fito likita a Zurich ta ƙasar Switzerland, mace ta farko daga Rasha.

Hajiya Rabi: Mata kusan ɗari suka bi sahunta zuwa Zurich, a 1873 gwamnatin Rasha ta ce su tattara su bar can. Da yawa a nan karatunsu ya tsaya.

Yusha'u: Iyayena, ni a ganina "hana wani hana kai" ya fi zama daram. Da Sofiya ta koma gida da digirinta, abin da ake iya ba ta shi ne koyar da ƙidaya a ƙananan azuzuwan 'yan mata. Rasha ta rasa, Sweden ta samu. Kuma kwasa-kwasan Bestuzhev, wato karatun gaba da sakandare da aka buɗe wa mata a Rasha a 1878, ba daga sama suka faɗo ba, mata ne suka yi shekaru suna kai koke, suna tara gudummawa.

Malam Habu: Na karɓa. Sai dai karin maganar ƙarfafa gwiwa yake yi, bai wanke shaho ba.

Hajiya Rabi: Ya danganta da bakin da ya faɗa. In uwa ta faɗa wa 'yarta mai shirin jarrabawa, addu'a ce. Amma ni da kunnena na ji an faɗa wa Yayata shi ranar da aka cire ta daga aji uku, wai in da rabo za ta yi. Wanda ya cire ta ɗin ne ya faɗa. Har yau jakar littattafanta tana cikin akwatin Innarmu.