Finafinan laifi masu ƙaramin jari na tsohuwar Amurka: ina ƙarfinsu, ina rauninsu?

Mai Majigi:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Waɗanda suka kalli finafinan laifi na baƙi-da-fari da ƙananan kamfanoni irin su PRC da Monogram suka yi, a faɗa mana abin da aka gani. Su ne a da ake haskawa a matsayin fim na biyu kan tikiti ɗaya, shi ya sa yawancinsu ba sa wuce minti 75.

Baban Yasira:
Wa alaikumus salam, Malam. Ƙarfinsu yana wajen haske. Idan babu kuɗin gina ɗaki cikakke, sai a kunna fitila ɗaya daga gefe, duhu ya rufe sauran. Ku duba aikin mai ɗaukar hoto John Alton a fim ɗin T-Men na 1947: rabin fuska a haske, rabi a inuwa, kuma tsoron ya zauna daram. A Detour na 1945 hazo darakta Edgar Ulmer ya cika wuri da shi a madadin titunan New York.

Goggon Yara:
Haka ne, amma a Detour ɗin ne kuma raunin ya fito fili. An juya hoton wasu wurare, sai ga motoci suna bin hannun da ba nasu ba. Tafiyar mota kuwa, ajiye motar ake yi a situdiyo ana haska titi a allo bayanta, hasken ciki da na waje ba su dace ba. Ƙarshen ma dole aka yi masa: dokar tace finafinai da aka tsaurara a 1934 ba ta yarda mai laifi ya sha ba, sai aka liƙa motar 'yan sanda a minti na ƙarshe.

Ɗan Gwanja:
Goggo, ba duka ake ɗaukar tafiyar mota a situdiyo ba. A Gun Crazy na 1950, darakta Joseph Lewis ya ɗora kyamara a kujerar bayan mota ta gaske, ya ɗauki fashin banki fiye da minti 3 ba tare da yanke hoton ba. Kana jin 'yan fashin suna neman wurin fakin, gabanka na faɗuwa. The Narrow Margin na 1952 kuma ba a shirya masa kiɗa ba, ƙarar jirgin ƙasa ce ta riƙe shi.

Baban Yasira:
A kula da kwafi. Detour ba ya ƙarƙashin haƙƙin mallaka, don haka gurɓatattun kwafinsa sun cika intanet, inuwar ta zama toka-toka, murya na shaƙewa. A nemi wanda aka gyara a 2018 kafin a yanke masa hukunci.