Yana ƙirga har ashirin amma bai san uku ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗana shekararsa huɗu, yana jero ɗaya zuwa ashirin da ka, da Hausa da Turanci. Amma in na ce ya miƙo min cokali uku sai ya kwaso duka, kuma 6 da 9 duk ɗaya ne a wurinsa. Don Allah ta ina zan fara?

Malamar nazare: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wannan hadda ce, bai fara ƙirga ba tukuna, kuma da yawa daga cikin sa'anninsa haka suke. Ki bar ashirin ɗin nan, ki dawo kan biyar. Ki samo marafan kwalba biyar ki jera su da 'yar tazara. Ya taɓa kowanne da yatsa, ya faɗi lamba ɗaya tak, ya tura shi gefe. Turawar nan dole ce, domin in babu ita bakinsa zai riga yatsansa, ya ƙirga abu ɗaya sau biyu ko ya tsallake wani.

In ya gama ki ce, "To duka nawa ke nan?" In ya koma farko yana sake ƙirgawa, bai gane cewa lambar ƙarshe ita ce jimilla ba. Ki nuna masa da kanki: "Ɗaya, biyu, uku. Uku ne." Daga nan ki zuba marafai goma a faranti ki ce ya ba ki biyu. Sai ya iya ɗauko biyu ya tsaya da kansa za ki wuce zuwa uku. Minti biyar zuwa goma a rana ya wadatar, da ya fara hamma ki tattara.

Malamin firamare: Malama ta yi daidai. Rubutun lamba kuma kada ya zo shi kaɗai. Ki yanka kwali gida biyar, ki rubuta 1 zuwa 5 manya, ki ɗiga ɗigo daidai adadin a ƙarƙashin kowace, ya riƙa ɗora marfi a kan kowane ɗigo. Kada ki ba shi fensir yanzu, yatsunsa ba su yi ƙwari ba. Ki zuba yashi a tire ya zana da yatsa. Ita 6 da 9, kada ki koyar da su tare. Ki zauna kan 6 har ta kama, ki ja layi a ƙasan katin don ya san ina ne ƙasa, ki ce masa cikinta yana ƙasa. Bayan mako ɗaya ko biyu sai 9. In kin ga ya juya 3 ko 5 baya, ba abin duka ba ne, yara kan yi haka har wajen shekara bakwai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To da wane harshe? A makaranta Turanci suke yi.

Malamar nazare: Da Hausa a gida, tunda da ita yake tunani. In ya san mene ne uku, sunanta na Turanci ba zai ba shi wuya ba. Kawai kada ki gauraya harsuna biyu a ƙirga guda.

Malamin Islamiyya: Hajiya, in yana zuwa Islamiyya ki lura da lambobin Larabci. Biyar ɗinsu (٥) kama take da sifili, shida (٦) kama take da 7, huɗu (٤) kuma kamar 3 da aka juya. Yaro kan rikice a nan a ɗauka rashin ƙoƙari ne. Ki bari 1 zuwa 10 su zauna masa tukuna, sannan ki haɗa kowace da 'yar'uwarta a kati ɗaya.

Ma'aikaciyar jinya: In akwai ƙaninsa da bai kai shekara uku ba, kada a yi ƙirgar da wake, gyaɗa ko ƙwallon dabino. Suna cusawa a hanci da kunne, ko su shaƙe. Cokula, kofuna da takalman gida sun fi, kuma a kwashe marafan da zarar an gama.