Muhawara a Fadar Tawa: "A rufe dosiyen Grégory, shekara 41 ta isa"

Mushe Isufu: Assalamu alaikum ƴan fada. Jiya wajen shayi Baba Ajidan ya yi wata magana da ta tsaya mini a rai, na ce bari in kawo ta nan kowa ya sa baki. Ranar Juma'a 24 ga Oktoba 2025 alƙali a Dijon ta Faransa ya tuhumi wata tsohuwa mai shekara 81 a kan shari'ar yaron nan Grégory. Baba ya ce wannan ba bincike ba ne, wahalar da bayin Allah ne, a rufe dosiyen a huta. Ni ban yarda ba.

Zali: Mushe, wane ne Grégory kuma? Ku tausaya wa waɗanda aka haifa bayan Kunce.

Mushe Isufu: Yaro ne ɗan shekara 4, a wani ƙauye Lépanges, gabashin Faransa. Ranar 16 ga Oktoba 1984 da la'asar yana wasa ƙofar gidansu, uwar tana ciki tana guga, aka ɗauke shi. Wajen ƙarfe 9 na dare aka tsamo shi daga gulbin Vologne, an ɗaure hannu da ƙafa da igiya, an jawo hularsa ta rufe fuska. Kashegari wasiƙa ta iso wa uban, wadda aka jefa gidan waya ranar da abin ya faru: wai baƙin ciki ya kashe ka shugaba, kuɗinka ba za su maido maka ɗanka ba. Tun 1981 wani mai shaƙaƙƙiyar murya ke damun dangin da kiran tarho, yana tona asirin cikin gida. Faransawa suna ce wa irin wannan mutum hankaka. Uban ya samu ci gaba a masana'anta tun yana matashi, ya gina gida, shi ne ake yi masa ba'a da "shugaba". Tsohuwar da aka tuhuma matar kawun uban ce.

Hajiya Rabi: Innalillahi. Hankaka, mai da ɗan wani naka.

Baba Ajidan: Isuhu, tunda ka kawo ta fili, in maimaita. Na yi shekara talatin ina jandarma, na san abu guda: binciken kisa cikin kwanakin farko aka yin shi. Wanga dosiye tun Nuwamba 1984 yam mutu. Jandarmomi sun samu yarinya mai shekara 15, tac ce mijin yayarta, Bernard Laroche, yaɗ ɗauke ta daga lakkwal da mota, sunka ɗauki yaron. Laroche kuwa ɗan'uwan uban ne, uwayensu mata ciki ɗaya. Me alƙali Lambert yay yi? Yat tara ƴan jarida yab bayyana shaidar, anka maida yarinya hannun danginta. Kwana guda tac ce ƙarya ta yi. Ruwan da ke huhun yaron ma ba a auna ba, balle a san ko na gulbi ne ko na famfo. To shekara 41 bayan haka me za a tono? Tulu ya riga ya fashe, ana bin ƙasa da ludayi.

Abdu Abijan: Ni tambayata daban. A 1984 ɗin nan mu yunwar El-Buhari muke ci, an rufe iyaka, yara nawa muka binne a Adar ba wanda ya rubuta sunansu? Yanzu mu zauna muna jayayya kan ɗan Nasara guda?

Hajiya Rabi: Abdu, ji tsoron Allah. Waɗancan fari ya kashe su, wannan hannun mutum ne ya ɗaure shi. Ni ungozoma ce, na karɓi haihuwa fiye da yadda zan ƙirga, ban taɓa jin kukan uwa ya bambanta da launin fata ba.

Abdu Abijan: Ban ce ba abin tausayi ba ne Hajiya. Na ce muna da namu. Wa aka hukunta kan ɗaliban gadar Kennedy na 9 ga Fabrairu 1990? Wa aka hukunta kan kisan shugaba Bare?

Mushe Isufu: Abdu, dokar fada: ban da siyasa. Amma ka lura da bakinka ka ba ni hujja. Shekara 35 ke nan, kai da kanka ba ka rufe dosiyen gadar a zuciyarka ba.

Sani: Gafara dai manya, in sa baki daga Yamai. Baba Ajidan, akwai wurin da ya kamata a gyara. Ba a tuhumi tsohuwar da kisa ba. Abin da aka ɗora mata shi ne haɗa baki da masu shirya laifi, bisa zaton tana cikin masu rubuta wasiƙun da yin kiran. Ba a tsare ta ba, ta koma gida, kuma tana musantawa. Tuhumar alƙali mai bincike ba hukunci ba ce. Lauyoyinta ma suna cewa wa'adin wannan laifin ya wuce.

Zali: Wa'adi kamar yaya? Laifi yana lalacewa ne kamar magani?

Sani: Kusan haka ne yaya Zali. A dokar Faransa in aka yi shekaru ba a taɓa dosiye ba, hukuma ta rasa ikon gurfanar da kowa. Da shekara 10 ce ga manyan laifuka, a 2017 suka mai da ita 20. Amma duk lokacin da alƙali ya yi wani sabon aikin bincike, ƙidaya ta koma farko. Shi ya sa iyayen ba su taɓa bari ya kwanta ba: an sake buɗewa a 2000, an sake a 2008. Abin da Baba ke kira wahalarwa, shi ne numfashin dosiyen. In aka daina har wa'adin ya cika, ko mai laifin ya fito talabijin ya ce ni ne, ba abin da za a yi masa.

Baba Ajidan: Ɗana, karatunka na da kyau, amma ƙirga mini gawa. Anka saki Laroche watan Fabrairu 1985, ran 29 ga Maris uban yaron yab bindige shi ƙofar gidanai. Gawa biyu ke nan. Anka juya kan uwar, watan Yuli anka kulle ta da ciki, jaridu na kiranta mai kashe ɗanta, sai 1993 kotu tac ce babu ko ƙwayar hujja kanta. Shekara takwas! A 2017 anka kama wagga tsohuwa da mijinta, wata guda bai cika ba shi alƙali Lambert yak kashe kainai. Shekara na zagayowa anka soke tuhumar don an yi kuskuren ƙa'ida. Duk sa'ad da anka buɗe wanga dosiye, mutum shika ci, ba shi haihuwar gaskiya.

Mushe Isufu: Duk abin da ka lissafa Baba, kuskuren masu bincike ne. A 2004 kotu ta sa gwamnatin Faransa ta biya uban da uwar Yuro 35,000 kowanne saboda shari'a ta yi musu aika-aika, kusan miliyan 23 na sefa. Hukuma ta amsa ita ta ɓata. To wanda ya ɓata shi ne zai ce na gaji? Kuma kayan aiki sun canja. Wani kamfani a Suwizalan ya auna salon wasiƙun da kwamfuta, ba siffar baƙaƙe ba, a'a, yadda mutum ke jera kalmomi da irin kuren da ya saba yi. Ni shekara 22 ina gyaran takardun yara. Ko ɗalibi bai sa suna ba, daga inda yake tuntuɓe nake gane shi. Mutum yana iya karkata hannunsa ya ɓoye rubutu, amma kurensa na biye da shi.

Baba Ajidan: Kai ɗalibi arba'in gare ka, kuma in ka yi kure sifili kaka ba yaro, ba kaso ba. Masana rubutu na 1984 sunka nuna Laroche. Waɗansu masana sunka zo 1985 sunka nuna uwar. Kowane da tabarau da takardar shaida. Yanzu na'ura ta nuna ta ukku, in yi ta tafi?

Sani: Nan kam Baba ya taɓo wuri mai ciwo. Amma gwajin ƙwayoyin halitta ya yi aiki sau ɗaya a dosiyen nan. A 2023 aka ji an gano wadda ta rubuta wata wasiƙar barazana ta 1985, ta kuma amsa.

Baba Ajidan: Faɗi sauran mana.

Sani: Ba ta da dangantaka da gidan ko kisan. Labarin ne kawai ya ɗauke ta ta rubuta.

Baba Ajidan: Madalla. Shekara 38 ana neman kura, anka kamo ƴar akuya.

Zali: Baba ka ban dariya a wurin da bai kamata ba. Amma ai wannan ya nuna gwajin yana iya sa wasiƙa ta yi magana bayan shekara 38. In ya yi sau ɗaya, me zai hana ya sake?

Sani: Abin da kotun Dijon ta gani ke nan. A Maris 2024 ta ba da umarnin sake gwada igiyoyin da tufafin yaron, a kuma duba ko za a iya gane muryar da ke cikin tsofaffin kaset. Matsalar ita ce hannaye da yawa sun taɓa kayan tun farko, lokacin ba wanda ya san za a zo ana neman irin wannan alama.

Malam Habibu: Na karanta duka. Ajidan, ka ce a bar wa Allah, kuma ba mai jayayya cewa can za a ƙare. Amma a fiƙihunmu na Malikiyya jini ba ya tsufa. Ba a ce in an shekara kaza haƙƙi ya faɗi ba. Abin da ya fi haka, wannan irin kisan, a yaudari wanda bai san komai ba a kai shi ɓoye a kashe, shi ne gila, inda muka samo "kisan gilla". A Risala an ce babu afuwa a cikinsa, ko waliyyan jini sun yafe, hukuma ba ta sakin mai shi. Ta wannan gefen ina tare da Mushe. Ta ɗaya gefen kuma, zato ba ya zama hujja don ya daɗe. Uban da ya ɗauki bindiga bisa zato ya zubar da jini, kotu ta yanke masa shekara biyar a 1993, kuma daidai ne, ƙisasi ba aikin mai fushi ba ne. Tsohuwar nan ma, mu kame bakinmu a kanta. Ba mu gani ba.

Hajiya Rabi: Malam ya gama da littafi, bari in faɗi ta mata. Ku maza kuna ta na'ura da wa'adi. Wanda ya kira tarho ya san sirrin da sai ɗan gida ya sani. Ya san lokacin da yaro ke fita wasa. Irin wannan ba mutum ɗaya ke riƙe shi ba. Akwai wadda ta wanke tufafi a daren, akwai wanda ya ga mota ya sunkuyar da kai. Mu nan ba mu san haka ba? Sau nawa ake kawo mini yarinya an lalata ta, kowa ya san kawu ne ko ɗan baffa, sai a ce Hajiya rufa mana asiri, zumunci ne. A kai maganar zaure, a yi fatiha, yarinya ta tafi da abinta har kabari. Abin da ke sa mai riƙe da sirri ya kasa barci shi ne sanin har yanzu ana tambaya. Tsufa na sassauta baki. Mutum in ya ji ƙamshin ƙasa yakan so ya sauke kaya. In kun rufe dosiye, wa zai sauke wa?

Abdu Abijan: Wannan kam Hajiya ban da amsa. A unguwarmu ta Abijan an yi irinta, aka kashe wutar da kuɗin goro.

Baba Ajidan: Hajiya, kakannin yaron na wajen uba duk sun mutu, ɗan'uwan uban da anka kira ran da abin yaf faru ya mutu, ba wanda yas sauke komi. Ƙamshin ƙasa bai buɗe bakin kowa ba.

Hajiya Rabi: Wataƙila waɗanda suka tafi ba su ne masu kayan ba. Saura suna nan.

Mushe Isufu: Baba, tambaya ɗaya. Iyayen suna raye, sun haura sittin, su ne ke roƙon a ci gaba. Wa zai je ya ce musu ya isa?

Baba Ajidan: Ni na taɓa faɗin ta, shi ya sa. Farkon aikina, wani ƙauye arewa da nan, ba ni faɗin sunanai. Anka tsamo yarinya ƴar shekara biyar cikin rijiya, da shaidar igiya ga wuyan hannu. Gari duka anka ce faɗawa ta yi. Mun yi wata biyu, kowa shina kallon ƙasa, har mai gari. Babbanmu yac ce in rubuta hatsari. Nir rubuta, nis sa hannu. Uwar kuwa duk ran kasuwa sai ta biyo ta birgad, ta zauna gindin bedi, ba ta cewa komi sai "Mushe jandarma, an ji wani abu?" Shekara huɗu haka, har anka canja mini wurin aiki. Rannan nic ce mata ta bar wa Allah, ta daina wahal da ƙafarta.

Zali: Me ta ce Baba?

Baba Ajidan: Tac ce ai ta bar mai tun ran farko, ni taka tambaya.

Hajiya Rabi: Tana da rai?

Baba Ajidan: Bara na gane ta tashar mota nan Tawa, da jikanta. Ta gane ni. Nib bi ta bayan masu lemu.

Mushe Isufu: To yanzu Baba, a rufe ko kar a rufe?

Baba Ajidan: Har gobe ban ga abin da za su samu ba, Isuhu. Amma a nemi wani ya sa hannu, ba ni ba.