Binciken ƙarshen karatu kan ba da shawara a coci: me alƙalan lambar yabo suke dubawa?

Ɗalibar Asawase:
Salama gare ku, iyaye da yayye. Ina shekarar ƙarshe a fannin ba da shawara na Kirista a nan Kumasi, kuma sashenmu kan ba da lambar yabo ga binciken da ya fi inganci. Taken da na tsara shi ne "Rawar da fastoci ke takawa wajen magance damuwa a Ghana". Niyyata in raba takardun tambayoyi a ikilisiyoyin 'yan arewa da ke Aboabo da Asawase, in kuma zanta da fastocin. Ta ina zan fara? In kuma wani ya faɗa mini abu mai nauyi ana cikin hira, yaya zan yi?

Malamin Sashe:
'Yata, taken nan ya yi faɗi. Ghana gaba ɗaya ba ta shiga kundin wata shida. Rage shi zuwa abin da za ki iya amsawa, misali: me fastocin ikilisiyoyi huɗu na Asawase ke yi idan mace ta zo musu da baƙin cikin da ya wuce mako biyu, kuma yaushe suke tura ta asibiti? Alƙali yakan fara da taƙaitaccen bayanin da ke gaban kundi, wanda galibi bai wuce kalma 250 ba. Can yake neman abu huɗu: tambayar, su wa aka tambaya kuma su nawa, me aka gano, me fasto zai canza a aikinsa. In ya ga "za a tattauna muhimmancin kaza", to ya ajiye.

Abin da ya fi kayar da ɗalibai shi ne izinin kwamitin ɗa'ar bincike. Ba a bayar da shi bayan an riga an tattara bayanai, saboda haka kada ki yi hira ko ɗaya kafin takardar ta zo hannu. Fara da kwamitin makarantarku. In aikin zai taɓa marasa lafiya ko ma'aikatan asibiti, akwai CHRPE, wato kwamitin ɗa'ar bincike na jami'ar KNUST da ke nan Kumasi, akwai kuma kwamitin hukumar lafiya ta ƙasa. Ware wata biyu don wannan, domin sukan dawo da takarda a yi gyara.

Hira da mutum 12 zuwa 15 ta wadatar, kowace minti 45 zuwa awa ɗaya. Amma ki sani, rubuta hirar awa ɗaya kalma bayan kalma kan ci awa huɗu zuwa shida, balle in an gauraya Hausa da Tuwi da Farafara. Sa wannan a jadawalinki tun yanzu.

Mama Mai Shawara:
Ina tare da Malam, sai dai ni ɓangare na biyu na tambayarki ya fi damuna. Idan ɗan ikilisiya ya ga fasto ne ya gabatar da ke daga kan bagade, ba zai iya cewa a'a ba, kuma zai faɗi abin da yake zaton Baba Fasto na son ji. A yi sanarwa kawai, mai so ya same ki da kansa, a yi hirar a inda faston ba ya nan. Wadda ba ta karatu a karanta mata takardar amincewa da harshen da take ji, ta dangwala yatsa a gaban shaida wanda ba dattijon cocin ba.

Kafin a fara, faɗa mata iyakar sirri ƙarara: duk abin da ta faɗa zai tsaya tsakaninku, ban da in ranta ko na wani na cikin haɗari, ko ana cutar da yaro. Wanda ya yi alkawarin sirri ba iyaka, ranar da ya karya shi ya rasa amanar ikilisiya duka.

In ta ce ta gaji da duniya, tambaye ta kai tsaye: kina tunanin kashe kanki? Kin shirya yadda za ki yi? Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. In ta ce e, kashe rikoda, hira ta ƙare. Kada a bar ta ita kaɗai, a kira wanda ta yarda da shi, a kawar da maganin feshi da ƙwayoyi daga ɗakinta, a kai ta sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye a ranar. Lambar gaggawa 112 ce. Iyalai da yawa har yanzu suna ɓoye irin wannan don tsoron 'yan sanda, alhali a 2023 majalisar dokoki ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka. A yi addu'a, ƙwarai kuwa, amma a yi ta ana kan hanya, kuma kada kowa ya ce wa mai shan magani ta daina ta koma azumi.

In duka ne a gidan aure, ba a zaunar da miji da mata tare don sulhu a zaman farko. Ba za ta yi magana ba, in kuwa ta yi, ita za ta biya a gida. Dokar 2007 kan cin zarafi a cikin gida ta tanadi kariya, kuma DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da irin wannan cin zarafi, shi ke karɓar ƙorafin.

Ɗan Aboabo:
Ƙanwata, in za ki auna damuwar, akwai takardar tambayoyi da ake kira PHQ-9. Tambaya tara ce kan makonni biyu da suka wuce, kowace maki 0 zuwa 3, jimla 27. Daga 10 zuwa sama ana so a tura mutum a duba shi. Tambaya ta tara kan tunanin mutuwa ce, ita ake fara dubawa tun mutumin bai tashi ba. Kada ki fassara a tsaye. Mutum ɗaya ya mayar da ita Hausa, wani da bai ga asalin ba ya mayar Turanci, a kwatanta da asalin, sannan a gwada da mutum biyar. Hausar zango ba ta Kano ba ce, abin da aka rubuta can ba lallai tsohuwa a Asawase ta gane shi ba.

Malamin Sashe:
Hanyar fassarar daidai ce, amma ban ba da shawarar ta haɗa hira da awon damuwa ba. Tambayarta kan abin da fastoci ke yi ce, ba yawan masu damuwa ba. Awo da mutum 30 ba zai nuna komai game da Kumasi ba, sai dai ya ba alƙali abin kamawa. PHQ-9 ɗin ta ajiye shi a babin shawarwari, a matsayin abin da fasto zai iya koya.

Ɗalibar Asawase:
Na gode, Allah ya saka. Zan tsaya kan hirar. Sunayen fa, canza su ya isa? Kuma in wani ya nemi in ci gaba da ba shi shawara bayan hirar?

Mama Mai Shawara:
Bai isa ba, 'yata. A cocin mutum 60, in kin rubuta "gwauruwa mai sayar da koko, tana cikin mawaƙa", kowa ya san ta. Cire sana'a da muƙami, ba kowa lamba, ajiye jerin sunayen daban da rubutun. Sautin kuma a sauke shi daga waya zuwa kwamfuta mai makulli a ranar, kada ya bi ta WhatsApp. Dokar kare bayanai ta 2012 ta shafi ɗalibi ma.

Game da ci gaba da shawara, kada ki karɓa. Ghana Psychology Council ce ke ba masu wannan aiki lasisi a ƙarƙashin dokar 2013 kan hukumomin sana'o'in lafiya, har da masu yi a coci. Shirya takarda mai sunan wurare biyu ko uku da za a iya zuwa, ki miƙa wa duk wanda kika yi hira da shi, ki kuma sa kwafinta cikin takardun da za ki kai wa kwamitin ɗa'a, domin za su tambaya.